Da wane ma'auni za mu auna manufofin gwamnati kan zaman lafiya tsakanin addinai?

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin ilimin zama ɗan ƙasa a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma akwai babin da ke magana a kan matakan da gwamnati ta ɗauka domin mabiya addinai su zauna lafiya da juna. Abin da ke cikin manhaja ba shi da wuyar koyarwa. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, an kafa hukumar yi wa ƙasa hidima a 1973, an kafa majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai ta ƙasa, wato NIREC, a 1999 wadda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN suke shugabanta tare, sannan ga hukumar raba daidai ta ƙasa da makarantun haɗin kai irin na Daura da Bakori.

Inda nake cijewa shi ne idan ɗalibi ya tambaye ni ko waɗannan abubuwa sun yi aiki. Jiharmu ta daɗe ba ta ga babban rikicin addini ba, to amma shin manufofin gwamnati ne suka kawo hakan, ko kuwa halin mutanen wurin ne da tarbiyyar da suka gada? In kuma ana son a auna manufa irin wannan, me ake dubawa: yawan tarukan da aka yi, ko kuɗin da aka kashe, ko rashin jin labarin tashin hankali? Ina roƙon manya da masana da ke wannan zaure su haska mini.

Tsohon Ma'aikaci, Daura, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa aikinka albarka. Ni dai a ganina yawan taruka shi ne ma'auni mafi rauni, domin taro ba ya wahalar da gwamnati da komai illa kuɗin ɗakin taro da na abinci, kuma waɗanda ake gayyata yawanci mutane ne da tun asali ba su da niyyar faɗa da kowa.

Kafin NIREC an taɓa gwada irinta. Bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, gwamnatin Janar Babangida ta kafa majalisar ba da shawara kan harkokin addini a 1987, da wakilan Musulmi da na Kirista daidai wa daida, amma ba ta yi wani tasiri ba. A watan Maris na wannan shekarar ne rikicin Kafanchan ya ɓarke, wutar ta taso har Zariya da Funtuwa da Katsina, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, watanni kaɗan kafin a ba mu jiharmu a watan Satumba. Ina kawo wannan ne domin matasanmu su san cewa rikicin da ya taɓa mu yawanci ba a nan ake haifarsa ba, daga wani wuri yake zuwa, a da ta bakin matafiya da rediyo, yanzu kuma ta waya.

NIREC ta fi waccan daɗewa, kuma ba zan raina ta ba, domin a ranar da hankali ya tashi, ganin Sarkin Musulmi da shugaban CAN sun tsaya wuri ɗaya suna kira da murya ɗaya yana sanyaya zukata. Amma majalisa ce ta ba da shawara. Ba ta kama mai laifi, ba ta gurfanar da shi, ba ta iya tilasta wa gwamna ya aiwatar da komai.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne abin da ke faruwa bayan an zubar da jini. Ka ɗauki rikicin bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, har da tamu. Gwamnatin Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin marigayi Sheikh Ahmad Lemu, ya zagaya, ya miƙa rahoto a wannan shekarar, kuma a 2013 aka amince da biyan diyya ta kimanin naira biliyan 5.7 ga wasu jihohi, Katsina na cikinsu. Diyya abu ne mai kyau, amma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da kwamitin ya nuna shi ne cewa gwamnatoci sun saba ajiye rahotannin kwamitocin baya ba tare da aiwatarwa ba, kuma hakan ne ke ƙarfafa wa masu tayar da fitina gwiwa. Mutumin da ya ƙona shagon maƙwabcinsa, ya ga gwamnati ta biya mai shagon, shi kuma ba wanda ya tambaye shi, darasin da ya koya a bayyane yake.

Ko a lokutan da aka yi hukunci ma, ba a yi shi ta hanyar da ɓangarorin biyu za su gamsu ba. Kotun musamman da ta saurari shari'ar rikicin 1987 ta bar ƙorafi a zukatan Musulmi da yawa, wadda ta saurari ta Zangon Kataf bayan 1992, ta yanke wa Janar Zamani Lekwot hukuncin kisa kafin daga baya a sassauta, ita kuma ta bar nata ƙorafin a wajen Kiristoci. Saboda haka, Malam, idan ɗalibinka ya sake tambaya, ka ce masa ya nemi sanin mutum nawa aka gurfanar a kotun da kowa ya yarda da adalcinta bayan kowane rikici, sannan ya kwatanta da yawan waɗanda aka binne.

Bahaushen Malumfashi ya amsa:

Ina gaishe ku duka, kuma ina gaida Baba na Daura da bayaninsa. Ni Kirista ne, Bahaushe, kakannina a ƙasar Malumfashi aka binne su, ba ni da wani gari da zan ce can ne asalina. Na yarda da maganar hukunci, amma wannan ma'auni ne na ranar masifa, ni kuwa ina so a auna manufar da ranakun da ba a jin ƙarar komai, domin su ne suka fi yawa.

Kullum ana magana kamar Kiristan jihar nan baƙo ne da kasuwanci ko aikin gwamnati ya kawo shi. Akwai irin waɗannan, kuma suna da haƙƙinsu, amma a Malumfashi da Kafur da Bakori da kewaye akwai ƙauyuka na Hausawa Kiristoci masu coci-coci tun zamanin mishan. A 2023 fadar Paparoma ta kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, ya shugabance shi, kuma ɗarikar Angilika da ECWA sun daɗe a jihar. Duk manufar da aka tsara a kan cewa za a kyautata wa baƙi, to ta riga ta ɓace hanya game da mu.

Abu na farko da zan duba shi ne aji. Sashe na 38 ɗin da Malam ya ambata ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba, kuma ban ga an tilasta wa 'ya'yana ba. Amma a makarantar gwamnati da ɗiyata ta yi, idan lokacin darasin addini ya yi, ita da 'yan'uwanta Kiristoci sai su ɗauki littattafansu su fita su zauna a gindin darbejiya har a kaɗa ƙararrawa, saboda babu malamin darasin addinin Kirista. Shugaban makarantar mutumin kirki ne, ya sha rubutawa yana nema, ba a turo ba. Doka ba ta hana ta komai ba, amma rashin ɗaukar malami ya hana ta, kuma yarinyar da ta yi shekaru tana zaman gindin bishiya ta fahimci matsayinta ba tare da wani ya faɗa mata ba.

Na biyu shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Na san matasa da suka je karɓa aka tsaya ana jujjuya takardarsu saboda sunan yanka na Littafi Mai Tsarki ne, sai da mai unguwa ya zo da kansa ya ce ya san uban, ya san kakan. Ba kowane ofishi ba ne, kuma sau da yawa ra'ayin ma'aikaci ɗaya ne, amma ba tare da wannan takarda ba babu gurbin karatu, babu aikin ɗan sanda ko soja, babu tallafin karatu. Na uku shi ne fili, na coci da na maƙabarta, da takardar mallakarsa.

Ba zan ɓoye alheri ba. Jiha tana da hukumar kula da masu ziyarar ibada ta Kirista, ana turo jami'an tsaro coci-coci lokacin Kirsimeti da Ista, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna zuwa mana gaisuwar mutuwa da biki kamar yadda muke zuwa musu. Amma kujerar zuwa Isra'ila mutum kaɗan take amfana, malami ɗaya kuwa yana amfanar ɗaruruwan yara a kowace shekara, kuma da za a ba ni zaɓi a kan inda kuɗin zai tafi, ba ni da wata tantama.

Wani abu kuma da ya kamata na waje su sani: 'yan bindigar da suka addabi kudancin jihar ba sa tambayar addinin mutum. A watan Agustan 2025 masallata suka kashe a Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi, suna sallar asuba, kuma ƙauyukanmu ma sun biya kuɗin fansa. Duk mai son ya mayar da wannan bala'i yaƙin addini bai zauna da mu ba.

Malama daga Daura ta amsa:

Assalamu alaikum. Maganar ɗan'uwanmu na Malumfashi ta taɓa ni, kuma a matsayina na malamar addinin Musulunci ina ganin haƙƙin ɗiyarsa ne a ba ta malami. Mu ma mun san zafin irin wannan a wani ɓangaren ƙasar, domin sai da aka kai har Kotun Ƙoli kafin a 2022 ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi mata 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Wanda ya yi murna da wancan hukunci bai kamata ya kawar da kai daga wannan ba.

Sai dai ina da gyara a kan yadda ake kallon batun gaba ɗaya. Kusan duk tsarin gwamnati an gina shi ne a kan teburi mai gefe biyu, Musulmi nan, Kirista can. A Daura da Katsina kuwa, saɓanin da ya fi shiga gidaje shi ne wanda ke tsakanin Musulmi su da kansu: ɗan Izala da ɗan ɗarika, masu Mauludi da masu hana shi, da kuma 'yan Shi'a, waɗanda aka haramta ƙungiyarsu ta IMN a 2019 bayan arangamarsu da sojoji a Zariya a Disambar 2015 da zanga-zangar da ta biyo baya. Na ga auren da ya mutu saboda wannan, na ga masallacin unguwa da ya rabu biyu a kan wanda zai yi limanci. Babu wata majalisa ta ƙasa da aka kafa domin wannan, sai dai fadar sarki da hakimai su kira malamai su yi sulhu, kuma yawanci su ne ke kashe wutar.

Abu na biyu shi ne tsoron da iyaye suke da shi, wanda masu tsara manufa ba sa ɗauka da muhimmanci. Mutane da yawa, Musulmi da Kirista, suna zargin cewa shirye-shiryen fahimtar juna hanya ce ta narkar da addinai su zama ɗaya. Ku tuna abin da ya faru da aka haɗa darasin addinin Musulunci da na Kirista da wasu darussa a ƙarƙashin inuwa ɗaya a manhajar firamare da ƙaramar sakandare: hayaniyar ta yi ƙarfi a 2017 har majalisar ilimi ta ƙasa ta umarci a raba su. Mai yiwuwa niyyar rage wa yara yawan darussa ce, amma da yake ba a zauna da iyaye da malaman addini tun farko ba, sai shirin ya haifar da zargin da aka ce ana son kawarwa. Musulmi ba ya buƙatar ya rage komai daga aƙidarsa kafin ya kiyaye haƙƙin maƙwabci, kuma malamin da zai karanta wa almajiransa yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya zauna da Yahudawan Madina bisa yarjejeniya, ya fi takardar bayan taro tasiri a kansu.

Na uku, wa'azi. Jihar Kaduna ta yi doka ta tantance masu wa'azi tun 1984, kuma da aka zo sabunta ta daga 2016 sai malaman ɓangarorin biyu da dama suka ƙi, saboda tsoron kada gwamnati ta riƙa ba da lasisi ga wanda ke yabonta kawai. Tsoron yana da tushe. Amma ko da dokar ta yi kyau, mumbarin yau yana cikin waya, inda ake yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu a watsa a Facebook da TikTok, kuma kafin hukuma ta ji labari an riga an raba shi a kowane zauren WhatsApp. Su kuwa matan da ke zaune da yaran a gida, waɗanda su ne farkon masu jin abin da yaro ya ɗauko a waje, da wuya ka ga an gayyace su taron zaman lafiya in ba don cika kujeru ba.

Matashi daga Funtuwa ya amsa:

Ina neman afuwar iyayena, amma ina ganin an yi wa gwamnati tsanani. Ni dai hidimar ƙasa ta canza ni. A Kudu maso Gabas na yi tawa, a gidan wata dattijuwa Kirista, wadda da azumi ya zo take tashi ta ɗumama mini abincin sahur ba tare da na roƙa ba, kuma har yau muna gaisawa. Da ba don wannan tsari na 1973 ba, da ban taɓa taka ƙasarsu ba. Gaskiya ne tsarin ya raunana, domin tun bayan kashe masu hidimar ƙasa a Bauchi a 2011, ga kuma garkuwa da mutane a hanyoyi, iyaye suna neman a dawo da 'ya'yansu kusa da gida, masu hali kuma suna samun hakan cikin sauƙi. Amma wannan matsalar tsaro ce ta ci manufar, ba manufar ce marar amfani ba.

Kuma a duba jihohin da suka kafa hukuma ta dindindin, kamar Filato a 2016 da Kaduna a 2017, maimakon jiran a yi rikici a kafa kwamiti. Ko ba su hana komai gaba ɗaya ba, akwai ofishin da za a kai rahoto tun abu yana ƙarami.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na lura cewa a bayanin ɗan'uwanmu na Malumfashi da na Malama, duk inda abu ya warware, mai unguwa ne ko hakimi ko sarki ya warware shi, alhali kundin tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki a rubuce ba. Baba, shin kana ganin a sanya su cikin tsarin a hukumance, ko kuwa hakan zai ɓata abin da ke aiki?

Tsohon Ma'aikaci, Daura, ya amsa:

Malam, wannan tambaya ta daɗe a gaban majalisar dokoki ta ƙasa, kuma ni ina cikin masu taka-tsantsan. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka karɓe ragowar ikon gudanarwa daga hannun sarakuna, bayan an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, amma mutane ba su daina kai musu ƙara ba, saboda mai unguwa ya san gidan kowa kuma ba ya jiran a buɗe fayil. Abin da nake tsoro shi ne, muddin gwamna ne ke da ikon naɗawa da tuɓewa, to ƙara wa sarki aiki a rubuce zai iya zama ƙara wa gwamna hannu ne kawai, kuma ranar da talaka ya fara ganin hakiminsa a matsayin wakilin jam'iyya, sulhunsa ya daina karɓuwa.

Da ni ake shawara, da sai in ce a fara da abin da bai buƙatar gyaran kundin tsarin mulki. Kowace ƙaramar hukuma cikin 34 ɗin da muke da su tana da taron tsaro da shugabanta ke jagoranta, da hakimi da baturen 'yan sanda a ciki. A tabbatar limamai na kowane ɓangare da fastoci da wakiliyar mata suna da kujera a wurin, a riƙa rubuta ƙorafin da aka kawo da ranar da aka kawo shi da abin da aka yi a kai. Ma'aikatar ilimi kuma ta riƙa bayyana makarantu nawa ne ke da ɗalibai Kiristoci ba su da malamin addininsu, da nawa aka cike a shekara. Waɗannan alƙaluma ne da ɗalibinka zai iya nema ya gani da idonsa.

Ga matashinmu na Funtuwa kuma, ban musa amfanin hidimar ƙasa ba, amma ka tuna wanda ya kammala jami'a ko babbar kwaleji ne kawai ke zuwa, shi kuwa yaron da ake ba jarkar fetur ranar rikici yawanci ko sakandare bai gama ba. Game da hukumomin Filato da Kaduna, zan so wani daga can ya shigo ya gaya mana ko ana sakar musu kuɗin aiki bayan an rantsar da shugabanninsu, domin a shekarun da na yi a ofis, a nan ne na ga yawancin hukumomi suke tsayawa.